Kifin aji da ruwan pampo: ni dai ina sa magani

Wata Talata a watan Nuwamba, shekaru kaɗan da suka wuce, na makara zuwa lakkwal saboda babur ya ƙi tashi. Kafin in iso, yaron da yake shugaban aji ya ga ruwan akwatin gilashin da muke kiwon kifi a ciki ya ɗan yi duhu, sai ya tara abokansa suka yi mini gwaninta. Suka kwashe ruwan kusan duka, suka wanke gilashin fes, suka dirje soson tacewa a bakin pampo, suka cika akwatin da sabon ruwa garai-garai. Na shigo na tarar da su suna jiran yabo, na kuwa yaba musu, don ni ma a lokacin ban san abin da suka yi ba. Ƴan karfasa bakwai ne muka samo wajen masunta a tafkin Madarumfa. Zuwa hutun ƙarfe goma duk sun taso sama suna buɗe baki kamar mai haki. Kafin a tashi da tsakar rana biyar sun juye ciki sama.

Mutuwar kifi biyar ba ita ta sa ni wannan rubutu ba. Washegari da safe wani dattijo, mahaifin wata yarinya a ajin, ya same ni a bakin ƙofa. Bayan gaisuwa ya ce: "Mushe, ɗiyata ta ba mu labari. Ruwan da ya kashe kihi cikin awa biyu, shi munka daɗe muna ba ɗiyanmu? Ni dai na ce ma uwarta daga yau a koma rijiya." Ba da faɗa ya zo ba. Tambaya ce ta uba, kuma a gaskiya tambaya ce mai hankali, irin wadda muke roƙon yara su riƙa yi a darasin kimiyya. Ya ga abu, ya auna, ya yanke hukunci. Hukuncin ne kawai ya karkace, kuma ajina ne ya karkatar da shi.

Tun daga ranar nake cewa duk malamin da zai ajiye kifi a aji, ko uban da zai saya wa ɗansa a gida, ya tanadi maganin da ke kashe ƙarfin kulor kafin ya tanadi kifin. A kwalbar za ka ga an rubuta conditionneur d'eau ko anti-chlore. Na san abokan aiki da dama da suke ganin ɓarnar kuɗi ce, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne, zan zo kansu.

Kulor shi ne sinadarin da ke cikin ruwan zabel da matanmu ke wanki da shi, shi ne kuma a cikin ƙwayar Aquatabs da ake jefawa a jarka. (Sunan zabel ɗin ma na wata unguwa ce a Paris, Javel, inda aka fara haɗa shi a ƙarshen ƙarni na 18.) Kamfanin ruwa yana zuba shi da gangan, kuma yana barin ragowarsa da gangan, don ruwan ya ci gaba da kare kansa a cikin bututu har ya iso gidanka. Birnin Jersey City na Amurka ya fara yin haka ba yankewa a 1908, duniya ta bi sahu, zazzabin taifot da amai da zawo suka ja baya a duk inda aka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a samu aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita a bakin pampo, ta kuma ce har miligiram 5 ba ya cutar da mai sha. Mu mutanen Maradi ba ma bukatar a karanta mana wannan daga littafi. Wanda ya ga daminar 2018, lokacin da kwalara ta ɓulla a yankin Madarumfa, da wadda ta dawo a 2021, ya san abin da ɗan warin zabel a ruwan sha yake tsare mu daga gare shi.

To ga inda kifi ya bambanta da mu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa iyakar kulor ga halittun ruwan daɗi a miligiram 0.019 a lita na ɗan lokaci, da 0.011 idan zama za a yi. Ka auna da 0.2 ɗin can: mafi ƙarancin abin da ake so a pamponka ya ninka iyakar kifi sau goma. Idan 0.5 ne, ya ninka fiye da sau ashirin da biyar. Dalili kuwa a fili yake. Ni da kai muna shan kamar lita biyu a yini, ruwan ya haɗu da yawu da abinci a ciki, ɗan kulor ɗin ya ƙare nan take. Kifi ba shan ruwa kaɗai yake yi ba, numfashi yake yi da shi. Ɗaga murfin da ke gefen kansa ka ga jajayen ganyayyakin nan masu laushi: fatarsu siririya ce ƙwarai don iska ta iya ratsawa zuwa jini, kuma dare da rana ruwa yana bi ta kansu. Kulor yana ƙone wannan fata. Shi ya sa kifayenmu suka taso sama suna haki alhali ruwan sabo ne. Da za a ce mutum ya shaƙi ruwan pampo da huhunsa ai shi ma ba zai ji da daɗi ba.

Akwai kuma ɓarna ta biyu wadda ba a gani da ido, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa a matsayina na malami. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi. A tafki ruwa mai yawa ne ke tafiya da ita. A akwati kuwa wasu ƙananan halittu ne, bakteriya, da suke zaune a soson tacewa da tsakuwar ƙasa, suke mai da amoniya nitirit, wasu kuma su mai da nitirit nitirat, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Wani masani ɗan Rasha, Winogradsky, shi ya fara keɓe irin waɗannan halittu wajen 1890, kuma irin aikin da suke yi ne yake mai da takin gona abincin gero. Kafin su zauna da gindinsu a sabon akwati sai an yi mako huɗu zuwa shida. Kulor kuwa an yi shi ne don kashe bakteriya, bai san na kirki da na banza ba. Da yarana suka dirje soson a bakin pampo, aikin wata guda da rabi suka wanke. Kifi biyun da suka tsira sun sha wuya makonni bayan haka, ruwan yana ta gurɓacewa ba mu san dalili ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Shi maganin ba wani abin al'ajabi ba ne. Yawancinsu wani gishiri ne, tiyosulfat na sodiyom, wanda masu wankin hoto na da suke amfani da shi. Da zarar ya haɗu da kulor sai ya mai da shi kulorid, irin wanda ke cikin gishirin miya, cikin ƴan mintoci. Ka ɗiga a bokiti, ka juya, ka ɗan jira, shi ke nan.

Yanzu ga masu ja da ni. Na farko shi ne abokina da yake kiwon tarwaɗa a kwamin siminti bayan gidansa. Ya ce shekara nawa yana sakin pampo kai tsaye, bai taɓa sayen wata kwalba ba, kifinsa kuwa har kasuwa. Gaskiya ya faɗa. Amma tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sama da ita, shi ya sa take rayuwa a taɓo inda wani kifi ba zai kwana ba. Kwaminsa kuma babba ne, cike da gansakuka da ragowar abinci, su kuwa waɗannan suna cinye kulor kafin ya kai ga kifi. Akwatin aji mai lita sittin, mai tsabta, da ƴan kifi kamar yatsa, ba shi da wannan garkuwa. Ƙwarewarsa ta gaske ce, sai dai ba ta hau kan namu ba.

Na biyu ya fi ƙarfi, kuma shi ne abin da aka koya mana a makarantar horon malamai game da kowane kayan aiki: yi da abin da ke hannunka. Kulor yana fita da kansa idan aka bar ruwa a buɗe. Ka tara a baho mai faɗin baki, ka bar shi kwana ɗaya ko biyu, rana ta doke shi, ka riƙa motsawa, ya tafi. Ba ko dala. Wannan hanya tana aiki, ni ma na yi ta fiye da shekara, kuma wanda ba shi da halin kwalba ya yi ta, ta fi sakin pampo sau dubu. Amma ku zo mu duba yadda lakkwal take a zahiri. Bahon ruwa a buɗe a farfajiyar da yara ɗari biyar ke wasa, kwana biyu? Wani ya wanke allo, wani ya wanke hannu da sabulu, akuyar maƙwabta ta sa baki, wani ƙaramin yaro ya sha, alhali ruwan ya riga ya rasa abin da ke kare shi. Ka kulle shi a aji kuma ka manta, ka buɗe wa sauro gidan haihuwa, sai dai in ka rufe da tsohon sange. Idan ka zuba a jarka ka toshe, kulor ɗin ba ya samun hanyar fita da sauri. Ga kuma garuruwan da pampo ke zuwa yau ya ɗauke gobe. Mutanen Zinder sun fi ni sanin wannan: ranar da ruwa ya zo, ranar ake komai.

Abin da ya fi damuna da hanyar jira shi ne yawan kulor ba tsaye yake ba. Gidan da ke kusa da tankin gari ya fi na ƙarshen bututu samu. Lokacin annoba kuma ana ƙarawa, kuma daidai ne a ƙara: ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce a kai miligiram 1 a pampon unguwa, 2 a motar dakon ruwa. Ruwan da ɗan garuwa ya kawo maka, ko wanda uwar gida ta riga ta jefa wa ƙwaya ba ta faɗa maka ba, yana iya ɗauke da ninkin abin da ka saba. Kwana ɗayan da ya ishe ka a watan Janairu yana iya gazawa a watan Agusta. Hanci kuma ba ma'auni ba ne. Masu ƙarfin hanci ma sai ya kai wajen 0.3 suke jin warinsa, kifi kuwa tun a ƙasa da haka nesa ya fara cutuwa. "Na sansana ban ji komai ba" ita ce maganar da na fi ji daga bakin waɗanda kifinsu ya mutu.

Na uku su ne masu cewa ai kaɗan muke canzawa. Haka ya kamata dama, kashi ɗaya cikin huɗu a mako ya isa, ba a kwashe ruwan akwati duka. Amma yi lissafin tare da ƴan ajinka, lissafi ne na CM2: lita 15 mai miligiram 0.5 a cikin lita 60 ya ba da 0.125. Har yanzu ya ninka iyakar fiye da sau shida. Dattin akwatin zai cinye wani abu, sau da yawa ma kifin ya tsira, shi ya sa mutane suke cewa ba komai. Tsira daban, lafiya daban. Kifin da ake ƙona masa gaɓar numfashi kaɗan-kaɗan kowane mako shi ne wanda wata rana za a tarar ya mutu a ce ajali ne.

Wanda ya leƙa intanet zai ga ana ta maganar kuloramin, wato kulor da aka haɗa da amoniya. Birane da yawa a Amurka da shi suke tsabtace ruwa, kuma shi ba ya fita da kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa masu kiwon kifi na can ba sa yarda da hanyar jira ko kaɗan. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne, kuloramin yana iya haɗuwa a cikin akwatinka da kansa idan ruwa mai kulor ya tarar da amoniyar kifi. Wannan ma wani dalili ne na kashe kulor ɗin a bokiti tun bai shiga ba.

Kada kuma a ɗauka ina tallar shago ne. Wanda ya shiga wajen masu sayar da kifin ado a Yamai ko Kano zai ga kwalabe jere, wannan na ƙara sheƙi, wancan na kwantar da hankalin kifi, wancan na sa ruwa ya yi garau. Aji ba ya bukatarsu. Guda ɗaya tak, mai kashe kulor. A karanta takardar da ke jikinta kuwa, don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne: akwai mai cewa mililita 5 ga lita 10, akwai mai cewa mililita 5 ga lita 200. A auna da sirinji, a auna gwargwadon ruwan da ke bokiti. Ɗan wuce ƙima ba ya kisa, amma ambaliya tana rage iskar da ke cikin ruwan, a watan Afrilu kuwa ruwa mai ɗumi dama iskarsa kaɗan ce. Malamin ƙauye da kwalbar ba ta isa gare shi yana da wata mafita a kantin magani: bitamin C yana kashe kulor, wajen kashi biyu da rabi nasa ga kashi ɗaya na kulor. Lita 20 mai miligiram 1 a lita tana bukatar kamar miligiram 50, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙwaya mai 500. Farar ƙwaya zalla ake nufi, ba mai zaƙi mai tafasa a kofi ba.

Inda maganin ba shi da aiki shi ne ruwan rijiya da na rijiyar burtsatse da ba a sa wa komai ba. Babu kulor, babu abin kashewa, kada a ɓata kuɗi. Abin da wannan ruwa yake so shi ne a zuzzuba shi daga bokiti zuwa bokiti ya sha iska. Kuma kada wani ya zaci kwalbar tana gyara kowane ruwa. Ba ta kashe ƙwayar cuta ko ɗaya, ba ta cire gishiri, ba ta cire fuluwor, sinadarin da ya lanƙwasa ƙasusuwan yaran Tibiri aka gano wajen shekarar 2000. Haka nan ba ta sanyaya ruwa. Ruwan tankin da ya wuni a rana yana iya kashe kifi ko babu kulor ko ɗigo, don haka a sa hannu a ji ɗumin bokiti da na akwati sun yi kusa kafin a zuba.

Wani zai ce duk wannan dogon bayani a kan kifin da bai kai loma ba, a lakkwal ɗin da yara uku ke raba littafi ɗaya. Ina jin nauyin wannan magana. Amma ba wanda ya tilasta mana ajiye kifi. Mu muka ɗebo shi daga tafkinsa muka kulle a gilashi, ba ya iya fita neman wani ruwa, ya zama amana, kuma kowane ɗan makarantar allo ya san labarin matar da ta kulle kyanwa. Yara sittin suna kallon yadda muke riƙon wannan amana. Suna kuma kai labari gida, wannan ne na koya da tsada. Akwatin kifi a aji darasi ne ko malami ya shirya ko bai shirya ba. Idan ba mu sa magani ba kifi ya mutu, darasin da zai isa gida shi ne ruwan pampo guba ne, kuma a unguwar da rijiya ke kusa da masai wannan darasi yana iya kai yaro asibiti. Saboda haka ma nake roƙon kada malami ya sa maganin a ɓoye kamar mai tsafi. A sa shi gaban yara, a ce musu: wannan ruwa an sa masa mai gadi saboda ku, muna sallamar mai gadin ne saboda kifi kaɗai, kuma wannan bokiti daga yanzu ba na sha ba ne. Ni har jan fenti na shafa wa namu.

Dattijon nan kuwa, ban iya gamsar da shi da baki ba a ranar, don ni kaina ban gama fahimta ba. Sai bayan mako biyu, da na yi karatu na kuma aro ƙwayoyin gwaji wajen wani ma'aikacin lafiya, irin waɗanda ake kira DPD, na aika a kira shi. Na ɗebo ruwan pampo a kofi biyu na gilashi, na ɗiga maganin a ɗaya, na jefa ƙwayar gwaji a kowanne. Na farko ya koma ruwan hoda, na biyu ya tsaya fari. Na ce: "Baba, wannan mai launin shi ne mai kulor. Shi ya kashe kifin, shi ne kuma yake kashe abin da ke kawo amai da zawo. Wannan farin kifi zai rayu a ciki, ƙwayar cuta ma haka." Na ɗebo wani daga pampon na sha a gabansa.

Ya daɗe yana duban kofunan. Sannan ya ce a sake, amma wannan karon da ruwan rijiyar gidansa, ya aiki yarinyar ta ɗebo. Ruwan ya tsaya fari. Ya gyaɗa kai, ya karɓi gorarta ya zubar a gindin bedi, ya miƙa mata ya nuna pampo. Da zai fita ya tsaya gaban akwatin, ya leƙa kifi biyun da suka rage, ya ce: "Mushe, waɗannan in sun girma, wa za ya ci su, kai ko ɗiyan?"